Bayan an ɗinke rauni, wa zai koya wa majinyaci tafiya? Kira ga iyaye da malaman Diffa

Duk shekara in sakamakon jarabawar bak ya fito, hira ɗaya ake yi a gidajen Diffa, Maine-Sorowa da Ngigmi: yaro ya ci, to me zai karanta? In daga ajin kimiyya ya fito, wato seri C ko D, amsar ba ta cika wuce uku ba. Likita in maki ya kai. In bai kai ba, malamin jinya ko ungozoma. In kuma duk ba su samu ba, sai a ce ya karanci noma a jami'armu ta nan gida. Duka sana'o'i ne masu daraja, ba ni da ja a kai. Abin da nake so mu ƙara cikin lissafin shi ne na huɗu, wanda da wuya ka ji uba ko malami ya ambace shi: ilimin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, wanda ma'aikatan asibitocinmu ke kira kine, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suke cewa fisiyo.

Ra'ayina shi ne jihar Diffa tana cikin wuraren da suka fi buƙatar wannan ilimi a Nijar, kuma ba irin ilimin da ake aro ba ne. Likitan tiyata ana iya ɗauko shi a jirgi daga Yamai ko daga Turai, ya yi mako biyu yana aiki ya koma. Mai gashi aikinsa na watanni ne, wani lokaci na shekaru, kuma rabinsa da baki ake yi. Sai ɗan gari, mai jin yaren majinyaci, wanda za a tarar da shi gobe, a tarar da shi jibi. Irin wannan mutum kuwa ba zai faɗo daga sama ba. Yana zaune yanzu haka a ajinmu ko a tsakar gidanmu, yana jiran wani babba ya faɗa masa cewa akwai wannan hanyar.

Aikin ya wuce tausa

Sunan da muka raɗa wa sana'ar ma ya rage mata kwarjini. In aka ce gashi, abin da ke zuwa a ran mutum shi ne ruwan zafi da tsumma. In aka ce tausa, sai a tuna tsohuwa da man kaɗe. Shi ya sa uba zai ce, ni ɗana ya je jami'a don ya koyo matsa wa mutane ƙafa? Bari mu duba abin da ma'aikacin yake yi a zahiri.

Mutum ya karye, an sa masa filasta, ya yi mako shida ko fiye hannun bai motsa ba. Ƙashi ya haɗe, amma gaɓar ta sandare, tsokar ta zube, ba ya iya kai loma baki. Likitan ƙashi ya gama nasa. Wanda zai auna iya inda gaɓar ke kaiwa, ya tsara motsin da za a riƙa yi kullum, ya san lokacin da za a ƙara nauyi da lokacin da za a dakata, shi ne kine.

Dattijo mai hawan jini ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Masana sun daɗe da gano cewa mafi yawan abin da jiki zai dawo da shi, a watanni uku zuwa shida na farko yake dawowa, kuma da maimaita motsi ƙwaƙwalwa ke sake koyon aikin da ta rasa. In aka bar shi kwance kan tabarma ana jiran sauƙi, hannun zai lanƙwashe, ƙafar ta ƙage, gyambo ya fito masa a baya saboda rashin juyi. Kine ne ke koya masa zama, tsayuwa da taku, ya kuma koya wa iyalinsa yadda za su juya shi duk bayan awa biyu da yadda za su ɗaga shi ba tare da sun goce masa kafaɗa ba.

Wanda aka yanke wa ƙafa ba a sa masa ta roba washegari. Sai an naɗe dungun an daidaita shi, an hana gwiwa lanƙwashewa, an ƙarfafa cinya, sannan a koya masa taku da sabuwar ƙafar. In yaro ne kuwa, duk lokacin da ya ƙara tsawo sai an sauya ta. Wanda ya ƙone, in ba a riƙa miƙar da wurin ba, tabon kan tattare ya haɗe yatsu ko ya manne haɓa da ƙirji. Jaririn da ya sha wuya wajen haihuwa, ko yaron da sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, yana iya kaiwa shekara biyu bai riƙe wuya ba. Akwai dabarun zaunar da shi, ciyar da shi da motsa shi da uwa za ta koya. Har majinyacin da majina ta cika wa ƙirji bayan tiyata, kine ke koya masa numfashi da tarin da zai fitar da ita. Duk wannan ba a yin sa da ka. Sai an san sunan kowace tsoka, hanyar kowace jijiya, da abin da zai faru in aka matsa inda bai kamata ba.

Tarihin sana'ar ma abin lura ne gare mu. Yaƙi da annoba ne suka raine ta. Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ya bar Turai da ɗimbin samari masu raunuka, annobar shan inna kuma ta bar ta da yara shanyayyu, sai ƙasashen suka ga dole su horar da masu tayar da su. Faransa ta kafa digirin gwamnati na wannan aiki a 1946. An kafa ƙungiyar masu sana'ar ta duniya a 1951, shi ya sa ake bikin ranarsu kowace 8 ga Satumba. A Najeriya aikin ya fara a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas a 1945, Jami'ar Ibadan kuma ta fara ba da digirinsa a 1966. Su sun ɗauki darasi daga masifar da ta same su. Mu ma masifar ta same mu.

Abin da shekarun nan suka bar mana

Tun ranar 6 ga Fabrairun 2015 da aka kai hari Bosso da Diffa, ba mu sake komawa yadda muke ba. An kafa dokar ta-ɓaci, an hana hawan babur, an taƙaita kamun kifi da cinikin tattasai. Bosso ta sake shan wuta a Yunin 2016, sansanin Kablewa a Yunin 2017, Tumur a Disambar 2020. Ga nakiyoyin da ake binnewa a kan hanyoyi. Dubban iyalai sun baro bakin Komadugu da tsibiran tafkin Chadi, wasu suka zauna a Sayam Forage, wasu suka kafa bukkoki a gefen babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya. In an kai hari, rediyo kan faɗi adadin waɗanda suka mutu da waɗanda suka jikkata. Mamata an yi musu sutura. Su jikkatattun fa? Suna nan cikinmu, wani da harsashi ya taɓa laka, wani da dungu, wata da hannun da ba ya ɗaukar tulu.

Kada kuma mu ɗora komai a kan yaƙi. Ko da zaman lafiya ya dawo gobe da safe, buƙatar tana nan. Manomin tattasai da na shinkafa a kwarin Komadugu a duƙe yake wuni, daga dashe har tsinka. Mace na ɗaukar ruwa da itace a ka, da goyo a baya. Makiyayi na faɗowa daga raƙumi ko doki. Motocin haya na kifewa a hanyar Ngigmi da ta Damagaram. Hawan jini da ciwon suga sun shiga ƙauye kamar yadda suka shiga birni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki. Wani bincike da mujallar The Lancet ta buga a ƙarshen 2020 ya nuna cewa mutum biliyan 2.41, wato ɗaya cikin uku na mutanen duniya, suna da larurar da irin wannan kulawa za ta amfane su. Hukumar ta kuma ce a ƙasashe da dama masu ƙaramin ƙarfi, ƙwararrun wannan fanni ba su kai goma ba ga kowane mutum miliyan ɗaya. Saboda haka ne babban taronta na Mayun 2023 ya zartar da ƙudurin da ke kiran ƙasashe su sa wannan aiki cikin ginshiƙan kiwon lafiya.

Akwai kuma larurorin da muka saba gani har muka daina ganinsu. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna, kuma yaran ƙarshe da ta kama a 2016 a Borno suke, tsallaken kogin nan namu. Amma waɗanda ta riga ta shanye suna raye, suna buƙatar takalmin ƙarfe, sanda da keke. Matar da doguwar naƙuda ta bar wa yoyon fitsari, sau da yawa takan fito da ƙafar da take ja, domin kan jariri ya danne jijiya. Ko an yi mata ɗinki a cibiyar Danja da ke kusa da Maradi, in ta dawo gida tana buƙatar mai bin ta. Yaron da aka haifa da ƙafa a murɗe ana iya miƙar masa da ita da filasta da ake sauyawa mako-mako, aikin da asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 ya shahara da shi, sai dai bayan nan zai riƙa kwana da takalmi na musamman har wajen shekara huɗu, in aka yi sakaci ƙafar ta koma yadda take. Yaron da cutar noma mai cin fuska ta kama, irin waɗanda ƙungiyar Sentinelles ke kula da su a Damagaram, muƙamuƙinsa kan kulle in ba a riƙa motsa shi kullum ba. Ku lura da abin da ya haɗa su duka: tiyatar ta kwana ɗaya ce, bibiyar ta shekaru.

Nisa shi ne babban ciwon

Daga Diffa zuwa Damagaram ya fi kilomita 450. Zuwa Yamai ya fi kilomita 1,300. Wanda ke Ngigmi ko Ngurti sai ya fara isowa Diffa tukuna. Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa sau da yawa a mako ya kamata a gan shi, wata da watanni. Wane manomi ne zai bar gonar tattasai lokacin ban-ruwa ya tare a wani gari da mahaifinsa, yana biyan ɗaki, abinci da mota? Zai yi mako biyu, guzuri ya ƙare, su dawo. Dattijo ya kwanta a ɗaki, a ce sai haƙuri.

A nan ne maganar ta shigo ajinmu. Mu malamai mun san abin da ke biyo baya. In babba ya kwanta a gida, ba ɗan fari ake cirewa daga kasuwa ba, yarinya ake cirewa daga makaranta. Na ga haka da idona fiye da sau ɗaya: ɗaliba mai ƙoƙari ta fara makara, ta fara fashi, ranar nan sai ƙawayenta su ce ai mamarta ce ba ta tashi, ita ke juya ta, ita ke girki. Ba a sake ganin ta ba. Ciwo ɗaya ya ci mutum biyu. Da akwai wanda zai zo gidan ya koya wa uwar zama da riƙe cokali, ya nuna wa iyali yadda za su raba jinyar, da wataƙila yarinyar ta zauna jarabawa. Saboda haka duk wanda ya damu da karatun ƴaƴa mata a wannan jiha, maganar kine tasa ce.

Shekaru da dama ƙungiyoyin agaji ne suka toshe wani ɓangare na wannan giɓi. Ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa, wadda muka fi sani da CICR, ta tallafa wa aikin tiyata a babban asibitin jiha na Diffa, ta kuma tallafa wa wuraren ƙera ƙafar roba a manyan asibitocin Yamai da Damagaram. A farkon 2025 gwamnati ta umurce ta da ta rufe ofisoshinta, kuma ta rufe, har da na Diffa. A shekarar ce kuma Amurka ta zabtare tallafin da take bayarwa a duniya. Kowa da ra'ayinsa kan waɗannan matakai, ba shi ne zancena a yau ba. Darasin dai a fili yake: kayan aro ba ya rufe katara. In muna maganar dogaro da kai da gaske, to har da wanda zai koya wa ɗan Bosso taka ƙafar roba.

Yadda karatun yake

Ɗalibi zai karanci ƙirar jikin ɗan Adam gaɓa-gaɓa, yadda sassan jiki ke aiki, ilimin motsi da nauyi, cututtukan ƙashi, na jijiya, na numfashi da na yara, sannan ya yi dogon zama a asibiti ƙarƙashin ƙwararre. Yaron da ya iya kimiyyar halittu kuma bai tsani fizik ba, ya dace. Amma maki kaɗai ba ya isa. Ana son mai haƙuri, wanda ba ya ƙyamar jikin mara lafiya, mai iya lallashin dattijon da ya fid da rai har ya yarda ya sake gwada ɗaga hannu karo na ɗari. Kowane malami ya san irin wannan ɗalibi a ajinsa, kuma ba lallai shi ne na ɗaya ba.

A tsarin ƙasashe masu amfani da Faransanci, digirin farko shekara uku ne bayan bak, mai son ƙari ya yi biyu a kai. A nan gida, jami'o'in Abdou Moumouni ta Yamai, Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da André Salifou ta Damagaram duk suna da tsangayar kiwon lafiya, ga kuma makarantun kiwon lafiya na gwamnati, wato ENSP, a Yamai da Damagaram. Sassan da ake buɗewa da yawan gurabe kan sauya, don haka aikin malami ne ya nemo sanarwar shekarar ya manna ta a allo tun kafin a zauna jarabawa. A maƙwabta, makarantar ENAM ta Lome a Togo ta daɗe tana horar da kine da masu ƙera gaɓoɓin roba, Kwatano a Benin kuma tana da babbar makarantar kine a ƙarƙashin Jami'ar Abomey-Calavi.

Ta ɓangaren Najeriya, Jami'ar Maiduguri, wadda ta fi Damagaram kusa da mu, tana koyar da shi, haka ma Jami'ar Bayero ta Kano, garin da asibitin ƙashi na Dala yake. Can karatun shekara biyar ne, ana kuma mayar da shi shida a sabon tsari, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan hukumar MRTB ta ba mutum lasisi. Sai yaro ya iya Ingilishi sosai, kuma sai an duba halin hanya da tsaro kafin a yanke shawara.

Gargaɗi ɗaya ga iyaye: makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu sun yi yawa, wasu nagari, wasu kasuwa kawai. Kafin ku biya ko dala, ku yi tambaya uku. Ma'aikatar gwamnati ta amince da takardar da suke bayarwa? A wane asibiti ɗalibai ke koyon aiki da hannu? Masu koyarwar su kansu kine ne? In aka fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku. Ku kuma sa yaro ya cika takardun neman tallafin karatu na hukumar ANAB a kan lokaci.

To, ina aikin?

Wannan ce tambayar da uba ke da haƙƙin yi, kuma ba zan shafa mata zuma ba. Albashin kine bai kai na likita ba. Gwamnati ba ta ɗaukar ma'aikata duk shekara, yaro yana iya gama bautar ƙasa ya zauna jira. Aikin ƙungiyoyin agaji yana da maiƙo, amma kwangila ce, ranar da kuɗin shirin ya ƙare ta ƙare. Wanda ya ce maka da an gama sai ofis da mota, ya ruɗe ka.

Sai dai ku auna shi da sauran fannoni. Muna da matasa masu digiri a fannonin da suka cika suka batse, suna yawo da takardu. Wannan kuwa fanni ne da masu buƙata suka ninka masu yi nesa ba kusa ba. Ƙofofinsa kuma ba ɗaya ba ce. Akwai asibitocin gwamnati, daga na jiha da cibiyar kula da uwa da yaro har na gundumomi. Akwai asibitoci masu zaman kansu da na mishan. Akwai ƙungiyoyin da ke aiki da naƙasassu. Akwai koyarwa da bincike ga wanda ya ƙara karatu, domin kowace sabuwar makaranta malamai take nema. Akwai wasanni: Diffa ta karɓi gasar kokowa ta ƙasa, ta neman takobi, a ƙarshen 2022, kuma duk wanda ya zauna a filin ya ga yadda kafaɗa da gwiwa ke shan wahala, ƴan ƙwallo da ƴan tekwando irin su Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya ciyo mana azurfa a Rio a 2016, ba sa rabuwa da kine.

Babbar ƙofar kuma ita ce ta dogaro da kai. Likitan tiyata ba ya aiki sai da ɗakin tiyata, wuta da jini. Kine kuwa, bayan ya samu gogewa da izinin hukuma, yana iya farawa da ɗaki ɗaya, gado mai ƙarfi, tabarma, madubi, sandunan koyon tafiya da maƙerin unguwa zai haɗa masa, da jakunkunan yashi a madadin ƙarafan nauyi. Yashi dai ba mu rasa shi ba a Manga. Yana iya bin majinyata gida-gida. A garin da wuta ke ɗaukewa, sana'ar da jarinta hannu ne da ilimi ba abin rainawa ba ce.

Ƴaƴa mata, maɗora, da masu tafiya ba dawowa

Na san abin da wasu iyaye za su ce: aikin taɓa jiki ne, bai dace da ɗiyarmu ba. Ni kuwa ina ganin hujjar ta juyo ne ta goyi bayana. Da yake aikin taɓa jiki ne, matanmu da yawa ba za su yarda namiji ya yi musu ba, mazajensu ma ba za su yarda ba. Matar da ta haihu ta kasa riƙe fitsari, ko wadda ƙugunta ya riƙe, za ta gwammace ta mutu da ciwonta a ɗaki da ta buɗe wa baƙon namiji. Wa zai duba ta in ba ɗiyar wani ba? Ba za mu hana ƴaƴanmu mata karatun ba sannan mu yi kukan babu mace a sashen. Ga shi kuma aiki ne da galibi da rana ake yi, ba shi da yawan kwanan asibiti irin na ungozoma, abin da ke sauƙaƙa haɗa shi da zaman aure.

Wasu kuma za su ce muna da maɗora tun kaka da kakanni. Gaskiya ne, kuma mutane na zuwa wurinsu ne domin suna kusa, suna jin yarensu, suna karɓar abin da ya sawwaƙa. Amma kowa ya san labarin ɗaurin da ya yi tsauri har jini ya daina gudu, hannun yaro ya yi baƙi aka yanke. Zagi daga nesa ba zai gyara wannan ba. Ɗan gari mai ilimi, wanda zai durƙusa ya gaida maɗori da Barbarci ko Fulatanci, ya nuna masa alamun da in ya gani ya turo asibiti da gaggawa, shi zai iya. Harshe a wannan aiki kayan aiki ne. Jiharmu na da Barebari, Fulani, Hausawa, Tubawa, Larabawa da Buduma. Ta yaya za ka ce wa tsohuwa ta daure ta ƙara taku ɗaya, ko ka gane irin zafin da take ji, ta bakin tafinta?

Tsoro na uku shi ne a sha wahala a karantar da yaro ya tsaya Yamai ko ya haye ƙetare. Zai faru ga wasu, ba makawa. Maganinsa a yawaita su, a kuma ɗaure tallafi da alƙawari. Hukumomin jiha da na gundumomi, attajiranmu masu fataucin tattasai, kifi da dabbobi, da ƴan jihar mazauna waje, suna iya ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu daga kowace gunduma, bisa yarjejeniya a rubuce cewa zai dawo ya yi wasu shekaru a gida. Gundumominmu shida ne: Bosso, Diffa, Gudumariya, Maine-Sorowa, Ngigmi da Ngurti. Biyu-biyu, mace da namiji, sha biyu ke nan. Wannan bai fi ƙarfin jihar da ke fitar da tattasai buhu-buhu ba. Su kuma hukumomin lafiya su tanadi gurbi da ɗakin aiki, kada yaro ya dawo a ajiye shi yana rubuta sunaye a rajista. Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ta fi ƙarfi a noma da muhalli. Duk ranar da aka zauna tsara sababbin sassanta, ina fatan za a tuna da wannan.

Abin da ke hannunmu

Ƴan'uwana malamai, musamman masu koyar da kimiyyar halittu, in kun zo darasin ƙashi, tsoka da jijiya, ku ba shi minti goma ku faɗa wa yara cewa akwai sana'ar da aka gina a kansa. Shugabannin makarantu, ku gayyato kine ko mai ƙera ƙafar roba ya yi wa ƴan ajin ƙarshe bayani, ya zo da kayan aikinsa su gani su taɓa. Ku daina gabatar da fannin a matsayin inda ake jefa wanda ya kasa samun likitanci. Yaron da ya shiga da jin an kayar da shi ba zai yi haƙurin da aikin ke so ba. Ku kuma duba ɗalibanku masu sanda da masu keke: matakalar ƙofar aji da ramin makewayi kaɗai sun isa su kori yaro daga makaranta, kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008.

Iyaye kuma, in ɗanku ko ɗiyarku ta zo ta ce kine take so, kada ku yi mata dariya. Ku tambaye ta dalili, ku raka ta ta ga masu aikin, ku bincika makarantar tare. Ku tuna da wanda ke kwance a gidanku ko a gidan maƙwabci, ku tuna kuma cewa kowannenmu yana iya wayar gari a kan wannan tabarmar. Ranar nan, wanda zai kama hannunmu ya ce Baba, taka a hankali, gara ya kasance namu ne, kuma ya san abin da yake yi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da jiharmu lafiya.